Siririyar Igiyar Kuka

Igiyoyi uku Atime ya shimfiɗa a gindin dutsen, yana bin kowace da tafin hannu kamar mai sayen akuya. Can sama, a wani ɗan leɓe da ya turo daga bangon dutsen, ɗansa Baire na kwance. Can ƙasa kuma, a bakin gonakin albasa, motar da za ta kwashe mutanen ƙauyen zuwa Bankas tana ta tsaki da hayaƙi.

Masu bindiga sun ƙone ƙauyen da ke gabas da su, kuma sun aiko cewa nan ne na gaba. Kowa ya ɗaure kayansa. Yasama, matar Atime, ita kaɗai ta zauna daɓas a kan turmi, ta ce ko yanka ta za a yi ba ta taka motar nan sai da ɗanta.

Baire kashin hazbiya ya hau ɗebowa, takin da albasa ke so. Ƙafa ta goce, leɓen ya tare shi. Ta ƙasa ba a hawa wurin, don dutsen sumul yake kamar bayan ƙwarya. Sai dai mutum ya zagaya ta sama ya sauko, kuma igiya ɗaya ce tak a garin mai wannan tsawon da kaurin: babbar igiyar da ake jan mamata da ita zuwa kogon dutsen da ake binne su. Dattawa ba su taɓa yarda ta fita don wani aiki ba. Yau dattawan na zaune a kan buhunan gero suna rigimar wurin zama, ba wanda ya ko ɗaga kai da Atime ya saɓo ta.

Ita za ta kai shi leɓen. Saura wadda za ta zuro Baire har ƙasa.

Ya ɗaga ta roba, shuɗiya, wadda direban ya jefo masa don a yi a gama. Tana da ƙarfi, amma tana miƙewa, tana santsi, kuma bakin dutse na cin ta ba a sani ba. Ya yar. Ya ɗauki tasa ta ɓawon kuka, mai kauri, wadda ya tufka da hannunsa. Ya auna ta gaba-gaba, ya ɗaga ido ya dubi dutsen. Ko rabi ba za ta kai ba. Ta ukun siririya ce, ita ma ta kuka, irin wadda ake zuro kwandon taki da ita. Tsawo kam har ya yi yawa.

"Wannan zaren za ka ɗaura wa ɗana?" in ji Yasama. "Baban Baire, tsufa ya taɓa maka kai ne? Yaron da ƙirjinsa ya fi ƙofar rumbu?"

"Za ta ɗauke shi, Uwar Baire."

"In ka yar min da shi, kada ka sauko."

Direban ya leƙo ta taga. "Baba, wallahi rana na karkatawa zan ja motata! Ni ma da 'ya'ya!"

Ba wanda ya ce zai raka shi. Matar Baire ma tana cikin motar, ta gyara goyonta, ta kau da kai wajen gonaki. Atime bai ga laifinta ba, amma abin ya soke shi.

Ya naɗe igiyoyin a kafaɗa, ya ɗauki gwadon saƙi mai baƙi da fari da Yasama ta miƙo masa. Goran ruwa kuwa nan ya bar shi a gindin turmi.

Hawan ta baya ya cinye masa gwiwa. Ya ɗaure babbar igiyar a tsohon gungumen da kakanni suka kafa, ya juya baya ga sarari, ya fara sauka. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai sani ba a ƙuruciya. Fatar tafinsa ta saluɓe tun bai yi nisa ba. Da ƙafarsa ta taɓa leɓen, hazbiyoyin da suka yi sheƙa dab da kan Baire suka tashi fir.

"Na zo, ɗana," ya ce. "Na makara, amma na zo."

Ya naɗe shi a gwadon a hankali, ya ɗaure da siririyar igiyar, ya ratsa ta bayan wani ƙahon dutse, ya fara saki kaɗan-kaɗan. Igiyar ba ta ko yi ƙara ba.

Yana cikin saki ya ji motar ta yi gurnani. Ya hango ta tana rarrafawa cikin yashi, da mutane jingim a kanta, har ta shige bayan itatuwan kuka. Ya ɗaga kai ya dubi babbar igiyar da za ta mayar da shi sama, ya dubi hannuwansa da ke ɗigar jini. Ya san ba za su iya ba. Ya ci gaba da saki.

A ƙasa Yasama ta miƙe daga kan turmin, ta buɗe hannuwa biyu, tana kiran sunan da take kira kowace safiya tana kallon dutsen nan. Gwadon ya sauka a ƙirjinta. Ko tangaɗi ba ta yi ba, ta rungume shi ta saɓa a kafaɗa yadda take yi masa yana jariri, don abin da rana da ungulu suka rage na Baire, tun shekarar da fara ta cinye gero, bai kai nauyin ɗaurin kara ba.