Maguɗiyar da Ta Yi Gaba da Tuwo

Ajiye jakar nan ki zauna, 'yata. Tun da sunanki ya fara fita na lura a tsaye kike gaishe mu, in an kawo kwano ki ce kin ƙoshi. Bari in ba ki wani misali.

A wani gari can ƙasar Katsina an yi wata maguɗiya mai suna Hansai. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gari, matan da ke wanki a rafi sai su ɗaga kai su ce yau akwai biki. Tsawon zangonta kuwa, mai fura takan dama wa mutum, ya shanye ya miƙo ƙwarya, Hansai ba ta dire ba. Sunanta ya kai garuruwan da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba, har ya zama bikin da ba ta je ba ana ganin kamar amaryar ba ta da dangi. Mata suka yi ta zuga ta, suna cewa Allah ya ajiye baiwarsa a maƙogwaronta. Ita ma ta yarda. Ta shiga lallashin maƙogwaron nan kamar ɗan fari: zuma da safe, citta da kanumfari da yamma, ga gyale naɗe a wuya ko a tsakiyar bazara. Daga nan ta fara zargin abinci. Tuwo, in ji ta, yana kaurara murya, man shanu yana toshe ta, ruwan randa kuma sanyi ne. Da aka aiko mata goron bikin 'yar wani babban falke, bikin da mata za su zo daga nesa don su ji ta da kunnensu, sai ta ƙulla gaba da tukunya. Ta yi kwanaki ba ta sa komai a baki sai lasar zuma, wai don muryar ta fito siririya kamar zare.

Ranar biki tsakar gida ta cika ta batse. Aka zo kamun amarya da hantsi, aka yi tsit, kowa ya juyo yana kallon Hansai. Ta miƙe, sai idonta ya yi duhu. Duk da haka ta kama hanci ta buɗe baki. Abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba, shi ma bai yi nisa ba ya tsinke. Wata akuya da ke ɗaure a gindin rumbu ta amsa mata, muryarta kuwa ta fi ta Hansai tashi. Mata suka cusa baki cikin mayafi suna ƙyalƙyala dariya. Wata baƙuwa ta ce, “To, wannan ce muka sha rana a hanya dominta?” Hansai ta san in aka watse a haka, labarin da zai koma garuruwa ke nan, kuma ba mai sake aiko mata goro.

Ta sulale ta zagaya bayan ɗaki, inda Tasalla, ƙawarta tun suna 'yan mata, take tuƙa tuwon biki. Ta zube a gefen murhu ta ce, “Tasalla, an yi mini sammu.” Tasalla ta tsayar da muciya ta kasa kunne, sai ga cikin Hansai yana ƙugi har ya danne tafasar tukunya. Ta ce, “Ba sammu ba ne, ƙawata. Guɗar ce ta sauka ciki, ga ta nan tana yi.” Ta kwaso tuwo mai zafi, ta zuba miyar kuka, ta malala man shanu, ta tura mata. Hansai ta ce, “Muryata fa?” Tasalla ta ce, “Wacce? Wadda akuya ta kayar? Ci, uwar tsirfa.” Hansai ta fara da ɗan yatsa kamar mai jin kunya, ta gama da suɗe kwano, ta bi da fura, ta miƙe a inuwa barci ya kwashe ta.

Abin da ta manta, 'yata, shi ne maƙogwaro bakin algaita ne kawai, algaita kuwa in ba iska itace ce. Abin da ya shiga ciki, hanji ne ke tsotse amfaninsa ya zuba a jini. Zuciya ta tura jinin ya zaga jiki, sannan tsokar ƙirji da ta ciki su sami ƙarfin matsa huhu kamar zugazugin maƙeri, iska ta fito ta kaɗa murya. Wanda ya hana ma'aikatan nan abinci ya lallashi maƙogwaro kaɗai, ya yi wa ƙofa ado ne ya bar ɗaki babu jinka.

Da la'asar sakaliya aka fito da amarya za a raka ta. Hansai ta kwance gyalen wuyanta, ta goge maiƙon baki, ta ja numfashi har ƙirjinta ya cika, ta saki guɗa. Tattabarun da ke kan soro suka tashi gaba ɗaya. Amarya ta manta da kukan da take yi, ta ɗaga mayafi tana leƙe. Baƙuwar nan mai baki ta cire ɗankwalinta sabo ta ɗaura wa Hansai, guɗar ba ta ƙare ba. Daga bakin murhu aka ji Tasalla tana ɗaga muciya tana cewa, “Ku shaida, rabin guɗar nan tawa ce!”

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.