Maharbin Gwaggo Hajo

Gwaggo Hajo ta taka bakin wata ɗamarar hawa da ƙafa, ta kama ɗaya gefen da hannu biyu, ta ja har jijiyar wuyanta ta fito. Ba ta tsinke ba. Duk da haka ta jefar da ita kan tebur kamar an ba ta tsumma.

Mukhtaru ya sha ganin masu ciniki a shagonsa na unguwar Kudai a Makka. Kayan leburorin gini yake sayarwa, da igiyoyi da ƙugiyoyi na samarin da ke fita farauta duwatsun Ɗa'ifa. Amma tsohuwa mai fura daga unguwar Mansur ta zo neman kayan hawa bishiya, wannan bai taɓa gani ba.

Ba ta ɓoye masa damuwarta ba. Saura sati uku alhazai su cika gari. Da ta surfa gero ta shanya a tsakar gida, sai tantabarun Makka su sauko kamar an yi musu gayya. Bara rabi suka cinye. Tun rasuwar mijinta Malam Tsoho furar nan ce cinta da shanta, kuma in bana ma ta tafi haka, sai zaman gidan suruki a Jidda, abin da ta rantse gawarta ma ba za ta yi ba.

Don haka ta samo maharbi. Sunansa Zali. Zai zauna a kan darbejiyar gidan tun hantsi har la'asar, riƙe da bakan marigayi, wanda Malam Tsoho ya biyo ƙasa da shi ta Chadi zuwa Makka tun yana saurayi.

Mukhtaru ya ce, "Gwaggo, tsuntsun Harami? Ai ko firgita shi ba a yi, balle harbi."

"Ya waladi, ɗana, ina garin nan aka yanke maka cibiya. Sayar da igiyarka, ka bar fatawa ga masu ita."

Mukhtaru ya koma sana'a. Sabon shiga, in ji shi, ɗamara mai faɗin mazauni ake saya masa, wadda za ta tallafe shi kamar goyo, kada cinya ta yi tsami. Igiya biyu, ɗaya ba a kwance ta har sai ƙafa ta taɓa ƙasa. Ƙugiya mai makulli. Matakala huɗu na ɗaurawa a jikin itace. Hular kwano.

Matakala ta ture gefe, wai ita za ta ja shi sama da kanta. Hular kwano ma ta ture, wai hular dara ta marigayi ta zauna masa daram. Da ya tambayi nauyinsa don a san lambar ɗamara, sai ta ce, "Da safe ko da yamma?"

Mukhtaru ya ce bai gane ba.

"Da safe mutum ne sosai. Kafin la'asar ya zube. Ba ni mai zariya, wadda ake ƙara tsukewa."

Ya tambaya ko Zali ya taɓa hawa. Sau ɗaya, in ji ta, da igiyar shanya. Ya faɗo ta ka, sai da ta yi masa ɗinki bakwai a ciki. A'a, ba su je asibiti ba. Ba shi da iƙama, takardar zama, kuma allurarta ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Daga nan aka shiga ciniki. Ta kushe ɗinkin, ta kushe launin, ta fita sau biyu ta dawo, ta ambaci kakarsa da suka yi maƙwabtaka a unguwar Tandabawi. Da aka kira azahar ta tafi da ɗamara da igiya biyu, ƙugiya kuwa gyara aka yi mata, shi ma bai san lokacin da ya yarda ba.

Kwana uku abin yana damunsa. Wani bawan Allah marar takarda, marar lafiya, da ɗinki a ciki, yana lilo cikin ranar Makka yana harbin abin da aka haramta. In ya faɗo, igiyar wa za a gani? In an kama shi, ɗamarar wa? Rana ta huɗu ya rufe shago, ya ɗauki hular kwano da gorar ruwa, ya nufi Mansur.

Tsakar gidan tsit. Gero shimfiɗe kan tabarmi uku, yana bushewa lafiya lau, ko tsuntsu ɗaya babu a kansa. Gwaggo Hajo na inuwa tana tsince tsakuwa, fuskarta kamar ta wadda ta ci gari da yaƙi.

Ya ɗaga kai. Ga Zali can a reshe na uku, zaune cikin ɗamara, da babbar riga da dara, baka a cinya. Ba ya motsi. Tantabaru sun fi hamsin a jikinsa, a kafaɗa, a gwiwa, a kan hula. Ɗaya ta cusa kai ta wuyan riga har ba a ganin idonta.

"Innalillahi! Gwaggo, ya mutu! Cin sa suke yi!"

Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Aikinsa ke nan. Na ɗinka shi ne ya ba su tsoro, ashe tsuntsun garin nan ko soja ba ya tsoro. Halas, shi ke nan, na zare audugar, yanzu kullum da asuba tsakin shinkafa nake ɗura masa har wuya."