Wayar da Gishiri Ya Ci

Na rantse da girman Allah, ko na kawo muku jirgin a ka ba za ku yarda ba, amma haka aka yi.

Ruwa ya kai wa Gwanin Dabara ƙwauri sa'ad da famfon kwashe ruwa ya yi tari ya mutu. Gaɓa ta yi nisa, igiyar teku na ta marin jirgin, ga surukinsa zaune a kan benci, dattijon da ko a baho bai iya iyo ba.

Tun da safe Gwani bai so tafiyar ba. Nasa jirgin na kan tudu ana liƙe shi, shi ya sa dattijon ya aro na Taubashi, ɗan gwaggon Gwani, abokin wasansa da ba sa haɗuwa sai an yi ɓarna. Gwani ya ce cikinsa na murɗa, ya ce sama ba ta yi masa ba. Dattijon ya ce, "Hau mu je." Wa ke musu da wanda ya ba shi 'ya?

Jirgin Taubashi kuwa kowa ya san shi. Kowace mahaɗar wayar lantarki an zuba mata dalma, an sa mata rigar roba an gasa ta kama, ko hawaye ba ya shiga.

"Yaro, mutuwa za mu yi?"

"Ina raye, Baba? Haba!"

Bakinsa ne kawai ya faɗa. Ya miƙa wa dattijon gwangwani ya ce ya yi ta kwasa. Bai duba batir ba, bai duba makunni ba, ya nufi ƙarƙashin bencin baya kai tsaye, ya cusa hannu ya zaro wayar famfon.

Babu dalma, babu riga. Wayar gida ce aka murɗa aka naɗe da salatif. Yana warwarewa tagullar ta zube kore shar kamar garin kuka, gishiri ya gama da ita.

Ruwa ya kai gwiwa. Wuƙar da ya zaro don fere wayar ta suɓuce ta nutse. Gwani ya kai wayar baki, ya dinga gatsa da haƙoransa masu wushirya yana tofarwa, har ya iske inda tagulla ke ƙyalli. Ya murɗa, ya lakato giris daga inji ya shafe, ya zura guntun tiyon mai a kai. Ya kunna laita, iska ta kashe. Ya sake, ta kashe. Ya kare da rigarsa yana kiran sunayen Allah har da waɗanda ya bari a makarantar allo, robar ta narke ta kama.

Famfo ya yi gurnani, ya soma aman ruwa.

Nan take Gwani ya dawo Gwani. "Ka gani, Baba? Ni da injiniya bambancinmu takarda! Amma la'anannen da ya sace wayar kirki ya sa wannan, wallahi a aske masa rabin kai, a zagaya da shi bakin gaɓa yana kwashe ruwan kowane jirgi da gwangwani!"

"Hukuncin ya yi," in ji dattijon.

Ya ajiye gwangwanin. Ya tsinci tsohon salatif ɗin da ke yawo a kan ruwa, ya tsinci guntun robar da Gwani ya tofar yanzu, ya jera su a tafin hannu. Bakin kowanne da sawun haƙora biyu, da ɗan fili a tsakani.

Ya ɗago kai a hankali ya ce, "Yaro, ɗan yi mini murmushi. Wane ɓangaren za a fara askewa?"