Rabon Minu

Na lura da shuɗin gari a farcen Luba lokacin da ta miƙo min kyafaffen kifin tafkin Lagdo. Ƙawata ce, gobe za mu yi jarrabawar konkur kan gurbin aiki ɗaya.

"Naki ne ke kaɗai, Nazira."

Minu, 'yar kyanwata, ta wafce shi ta shige ƙarƙashin kujera tana gurnani. In ta kama abinci, ko ni ba na kusantarta.

Luba ta zube tana zura hannu don ƙwato kifin. Minu ta yakushe ta har jini, ba ta janye ba. Na ce mata:

"Bar mata mana, kifi ne kawai!"

Can gurnanin ya tsaya. Na kira Minu, shiru. Sai na tuna launin maganin ɓera.

Luba ta ɗauki takalmanta, ta fita.