Takardar da Na Ba Malama Asabe

Ina aji uku a Kontagora wata ƙungiya ta kawo ma'aikatan asibiti makarantarmu. Malamar ajinmu, Malama Asabe, ta ce kowa ya rubuta abin da ke damunsa.

"Daga ni sai likita za mu gani," in ji ta.

Na rubuta cewa ina fitsarin jini, abin da ko Inna ban faɗa wa ba. Na ninke takardar sau huɗu na miƙa mata.

Da la'asar ta buɗe ta gaban baƙi da 'yan aji, ta karanta da babbar murya, har da sunana.

"Kun gani? Yaranmu sun iya rubutu!"

Baƙi suka tafa, yara suka tuntsire da dariya. Na samu magani na warke. Ita ta koya mini rubutu, amma har yau bakina ya kasa sa mata albarka.