Mai Ginin Tukwane da Ƙwayoyi Biyu

Tunda kin ce maganin ba ya yi miki komai, har kina tunanin ƙara wa kanki, ajiye kwalbar nan tukuna, ɗiyata, ki ji wani misali.

An yi wata mai ginin tukwane a wani ƙauye na bakin fadama, ana ce da ita Lantana. Randarta ta yi suna, har daga garuruwan nesa ake aiko mata. Da shekaru suka fara ja sai wata irin kasala ta sauko mata. Za ta yi barcinta lafiya lau, amma da hantsi ya ɗaga sai idanu su yi nauyi, ta yi ta gyangyaɗi a gaban yumɓu har ya bushe a hannunta. Ana zafin bazara tana lulluɓe da zane biyu. Jiki ya yi nauyi ba don ci ba, gashi na bin matsefi, ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kai ta. Maƙwabta kowa da abin da yake faɗi, wannan ta ce shawara ce, waccan ta ce sammu ne. Ita kanta ta rasa ko ciwo ne ko lalaci ne ya same ta da girma. Da mijinta ya kai ta asibitin birni aka auna jini, likita ya nuna mata gaban wuyanta, ya ce akwai wata 'yar tsoka a nan, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, ita ce ke hura wutar jiki, tata kuwa ta yi sanyi. Ya rubuta mata ƙwayoyi biyu. Ƙaramar, a sha da sassafe da ruwa zalla kafin a ci komai. Babbar ta ƙarfafa ƙashi ce, sai bayan abincin rana, don in suka haɗu a ciki babbar kan tare wa ƙaramar hanya. Ya ce ta riƙa dawowa ana auna jinin. Lantana ta yi ta gyaɗa kai tana cewa to, alhali rabin maganar ta zube tun kafin ta kai tasha, kunya kuma ta hana ta komawa ta sake tambaya.

A gida sai ta haɗa su biyun ta riƙa korawa da fura da nono, don a ganinta magani ba ya son cikin da babu komai. Kasala ba ta tafi ba. Ta juya ƙwayoyin a tafin hannu tana mamaki, wace ce ta gajiya a cikinsu, wace ce ta ƙashi, kuma me ya haɗa wuya da ƙashi? Babbar tana ɗaure mata ciki, sai ta watsar da ita. Ƙaramar kuwa ta raina girmanta, ta ce abin da bai kai ƙwayar gero uku ba ina zai tayar da mace kamarta, sai ta ninka, daga baya ta sake ƙarawa. In ta ƙare ta aika kemis a sayo, asibiti ya yi nisa. Nan fa abin ya ƙara rikice mata. Sanyi ya tafi, zufa ta zo. Ƙirji na dukan tara-tara, hannu na rawa har bakin tukunya ya riƙa fitowa a karkace. Barcin kirki ya ƙaura, sai da rana ta fi dā gyangyaɗi. Ta rame, mutane suna yi mata barka wai ta samu sauƙi, ita kuwa tana jin kamar an zare mata laka. Duk ranar da gajiya ta yi tsanani sai ta ce maganin ne bai isa ba. Haka ta yi ta yi, damina ta wuce, wata ta zo. Ran nan a bakin ramin yumɓu santsi ya ɗebe ta, ta dafa ƙasa da hannun dama, faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, sai ta ji ƙas. Da aka kai ta asibiti aka ɗauki hoton hannun, likita ya daɗe yana kallo, ya ce ƙashin ya zama kamar karan da gara ta ci. Ya tambayi yadda take shan magani, ta faɗa masa tiryan-tiryan. Ya ce, "Baba, wutar da aka ce a hura kaɗan kika yi ta zuba wa itace, har ta fara cin ƙashinki." Ta dube shi ta ce, "To ni da na ga ban daina gajiya ba fa?" Ya ce ƙarancin maganin na gajiyarwa, yawansa ma na gajiyarwa, jini ne kaɗai ke faɗin wanne ne.

Aka mayar da ita kan ƙa'ida, ƙaramar da asuba, babbar da rana, ana auna jini ana gyara awo. Sannu a hankali idanunta suka washe. Ta koyi yin aiki mai nauyi da safe, ta ɗan kishingiɗa bayan azahar ba tare da jin kunyar kowa ba. Amma wuyan hannun ya ɗoru a karkace, bai sake ɗaukar nauyin randa ba. Kasko da asusu take ginawa yanzu, in masu neman randa sun zo daga nesa sai ta nuna musu gidan wata.

Don haka gobe ki shirya in raka ki asibiti, ki tambaya har sai kin gane, in kin manta ki sake tambaya. Hausawa sun riga sun faɗa, rashin sani ya fi dare duhu.