Baƙin Zanen Inna

Tasalla, ajiye bokitin nan tukuna. Kafin ki jiƙa saƙin nan da garin sabulu, zauna in ba ki misali da abin da ya faru a gidanmu, don har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Innarmu tana da wani baƙin zane, saƙar hannu, audugar da uwarta ta kaɗa da mazari, aka rina shi a marina har ya yi baƙi wuluk yana ƙyalli. Da shi aka goya ta, da shi ta goya mu. Ban taɓa ganin sabulu ya taɓa shi ba. In ya yi ƙura sai ta tsoma shi a ruwan sanyi, ta ɗaga ba tare da ta murɗe ba, ta juya cikinsa waje, ta shanya a inuwar zaure. Shekara-shekara takan aika da shi wurin masu bugu su dawo masa da sheƙinsa, sannan ta naɗe shi a adudu da ganyen darbejiya saboda asu. Da ciwon ajali ya kama ta, 'yata tana da tsohon ciki. Inna ta ce in ba ta rayu ta ga jaririn ba, to a goya shi da zanen nan, kamar ita ce ta goya shi.

Da ta rasu, cikin zaman makoki, wata 'yar ƙanin babanmu ta tattara kayan Inna za ta wanke kafin a raba. Mace ce mai son a ce ta fi kowa aiki. Na faɗa mata da bakina kada ta taɓa baƙin zanen, na kuma faɗa mata dalili. Ta shafa shi, ta ga shuni a tafin hannunta, ta taɓe baki ta ce, "Yaya, wannan dattin za a ɗora wa jariri?" Ina cikin karɓar gaisuwa ta zare shi. Ta dafa ruwa, ta zuba garin sabulu da bilic, ta jiƙa shi, ta dirje a kan dutse, ta murɗe iya ƙarfinta, ta baza a kan katanga rana tana dukansa. Ni dai abin da na fara gani shi ne baƙin ruwa yana bin rariya zuwa waje.

Da la'asar ta kawo mini shi a ninke, tana murmushi, tana jiran in ce sannu da aiki. Zanen ya koma ruwan toka, dabbare-dabbare, ɗinkin da ya haɗa siraran saƙar ya farke, zaren ya ruɓe har yatsa yana huda shi. Na kai shi hanci, babu turaren Inna, babu ƙamshin jikinta, sai warin bilic. Ranar da aka ɗauki gawarta ban yi kukan da na yi ranar nan ba. 'Yar ƙanin baban namu kuwa cewa ta yi ai gyara ta yi niyya.

'Yata ta haihu, aka goya yaron da zanen kasuwa mai santsi, wanda ba ya shan gumi, ƙurajen zafi suka feso masa a ƙirji. Tsumman zanen Inna yana nan a adudu, ko ɗaure kai ba zai yi ba.

Saboda haka ki zubar da ruwan kumfar nan, ki ɗebo na randa. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira aka rasa ido.